Katin Bashin Kasuwanci da Mai Aikin Jinga Daga Gida a Amurka: Sunan Sana'a, Nauyin Mutum

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda mai aikin jinga daga gida, wato mutumin da yake sayar da ƙwarewarsa ba tare da yana ƙarƙashin wata ma'aikata ba, yake neman katin bashin kasuwanci a ƙasar Amurka. Manufarta ita ce gano wanda nauyin bashin yake hawa kansa a zahiri, da kuma tantance kalmomin Hausa da suka dace da bayanin tsarin. An bi diddigin tambayoyin da takardar neman katin take ɗauke da su, an auna su da tanade-tanaden dokokin bashi na tarayyar Amurka, sannan aka kwatanta su da ma'anonin bashi da rance da lamuni da jingina a cinikin Bahaushe. Maƙalar ta gano cewa duk da sunan sana'a da ake bugawa a jikin katin, mutumin ne ake aunawa kafin a bayar, shi ne kuma ake bi idan biya ya gagara. Haka kuma, kalmar "kasuwanci" tana fitar da katin daga mafi yawan kariyar da doka ta yi wa katin bashin mutum. An ba da shawarar kalmomin da za su hana wannan gaskiya ɓacewa a wajen fassara.

Fitilun Kalmomi: katin bashi, aikin jinga, lamuni, kuɗin ruwa, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da yake sauyawa daga wannan al'umma zuwa waccan shi ne hanyar da ake bi a ci shi, da wanda ake riƙewa ranar biya. A Amurka, babbar hanyar cin ƙaramin bashi ita ce kati. Tarihinsa na zamani ya faro ne da katin Diners Club da Frank McNamara ya fito da shi a birnin New York a 1950. A 1958 kamfanin American Express ya fito da nasa, a shekarar kuma Bank of America ya rarraba katin BankAmericard a garin Fresno na jihar Kalifoniya, wanda aka sauya wa suna zuwa Visa a 1976. Daga baya bankuna suka ware wani nau'i na musamman domin masu ƙananan sana'o'i, suka kira shi katin kasuwanci.

Wanda ya ji wannan suna zai ɗauka sai mai shago ko mai kamfani da ma'aikata ne zai iya samun katin. Ba haka abin yake ba. Mai fassara da ke aiki a ɗakinsa, da mai zanen tambari a kwamfuta, da mai gyara rubutu, da mai ɗaukar hoto, duk suna iya nemansa, kuma ana ba su. Batun ya shafi mai nazarin Hausa ta fuskoki biyu. Na farko, akwai masu magana da Hausa mazauna Amurka da ke cin abinci da tafinta da fassara a kan jinga, kuma wannan tsari ne suke tararwa. Na biyu, masu fassara labarai da masu ƙirƙirar kalmomi suna cin karo da waɗannan ra'ayoyi, kuma sau da yawa kalma ɗaya ta Hausa ake ɗora wa ma'anoni biyu ko uku waɗanda dokar Amurka ta rarrabe tsakaninsu.

1.1 Manufa da Hanyar Nazari

Maƙalar ta yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku: Me banki yake aunawa idan mai aikin jinga ya nemi katin kasuwanci? Wa yake ɗauke da bashin a idon doka? Waɗanne kalmomin Hausa ne za su bayyana haka ba tare da sun yaudari mai karatu ba? An taƙaita nazarin a kan mutum ɗaya mai aiki daga gida, wanda ba shi da ma'aikaci. Hanyar da aka bi ita ce ta ƙalailaice matani da kwatanci. Lissafin da ya zo a sashe na 4.0 misali ne da aka ƙaddara domin bayani.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

2.1 Mai Aikin Jinga

An saba kiran irin wannan ma'aikaci "mai zaman kansa". Sai dai wannan laƙabi ya yi faɗi, domin ana faɗinsa ga asibiti da makaranta da lauya da ɗan takara. Kalmar jinga ta fi kusa da ma'anar. A Hausa, jinga ita ce a yanke ladan aiki dungurungum kafin a fara, kamar noman gona ko ginin katanga, a biya a kan aikin, ba a kan kwanakin da aka yi ba. Mai fassarar da aka ba littafi aka yanke masa kuɗi a kan adadin kalmomi, jinga ya ɗauka. Siffar da ta fi muhimmanci a nan ita ce rashin albashi: kuɗinsa suna zuwa ne idan ya gama aiki kuma mai aikin ya ga damar biya.

2.2 Aro, Rance, Bashi, Lamuni da Jingina

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, kamar tsani ko tabarma. Rance shi ne a karɓi abin da zai ƙare, kamar kuɗi ko hatsi, a mayar da kwatankwacinsa. Bashi ya fi su faɗi, domin ya haɗa da kayan da aka saya ba a biya ba, da duk wani haƙƙi na dukiya da ake bin mutum. Lamuni kuwa ya ƙunshi yarda da tsayawa: a ba mutum kaya saboda an amince da shi, ko wani ya tsaya masa cewa idan bai biya ba shi zai biya. Jingina ita ce a ajiye kadara a hannun mai bin bashi har sai an biya.

Idan aka auna katin da waɗannan ma'anoni, za a ga cewa "katin bashi" ya fi "katin rance" dacewa, tun da mai katin kaya yake saya banki ya biya, sannan ya bi shi. Ya kuma bambanta da katin cirar kuɗi da aka saba da shi a Nijeriya, wanda ake kira katin ATM, domin wannan kuɗin mutum na asusunsa yake taɓawa.

2.3 Riba da Kuɗin Ruwa

A rubutun boko, kalmar da ke nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, da kalmar da ke nufin ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, duk "riba" ake rubuta su, furuci ne kawai ya raba su. Domin kauce wa ruɗani, wannan maƙala ta keɓe "riba" ga ma'ana ta farko, ta yi amfani da "kuɗin ruwa" ga ta biyu.

3.0 Matakan Neman Katin

3.1 Yaushe Mutum Yake Zama "Kasuwanci"?

A tsarin Amurka, duk wanda yake wani aiki da niyyar samun riba, kuma bai yi rajistar kamfani ba, ana ɗaukarsa mai sana'ar kansa shi kaɗai. Ba ya buƙatar wata rajista ta tarayya kafin ya hau wannan matsayi, ko da yake wasu jihohi da birane suna neman lasisi ga wasu sana'o'i, ko rajistar suna idan zai yi aiki da sunan da ba nasa ba. Yana bayyana cinikinsa da abin da ya kashe a takardar da ake kira Schedule C, wadda ake haɗawa da takardar harajinsa ta shekara. Idan ribarsa ta kai dala 400 a shekara, harajin masu sana'ar kansu ya hau kansa. Abin lura shi ne, doka ba ta raba shi da sana'arsa ba. Dukiyar sana'ar dukiyarsa ce, bashinta kuma bashinsa ne.

3.2 Tambayoyin Takardar Nema

Takardar neman katin, wadda yawanci a intanet ake cike ta, tana da kashi biyu. Kashin sana'a yana tambayar:

i. Sunan sana'a. Wanda bai yi rajistar wani suna ba, sunansa na yanka yake rubutawa.
ii. Adireshi. Adireshin gida ya wadatar.
iii. Nau'in sana'a da tsarin mallakarta.
iv. Lambar haraji. Yana iya ba da lambarsa mai alƙaluma tara, wato SSN, ko lambar EIN wadda hukumar haraji ta IRS take bayarwa kyauta.
v. Shekarun da sana'ar ta yi da yawan ma'aikata.
vi. Cinikin shekara, da kiyasin abin da zai riƙa kashewa da katin a wata.

Kashin mutum kuma yana tambayar suna da ranar haihuwa da adireshi da lambar SSN da jimillar abin da yake samu a shekara daga kowace kafa, har da albashi idan yana wani aiki.

Akwai tarko na harshe a tambaya ta shida. Ana yawan fassara abin da ake tambaya da "kuɗin shiga", alhali wannan jimla tana iya nufin abubuwa uku: duk abin da abokan hulɗa suka biya kafin a cire komai, ko abin da ya rage bayan an cire kashe-kashen aiki, ko kuma duk samun mutum. Ɗan kasuwar Bahaushe ya riga ya raba su. Na farko ciniki ne, na biyu riba, na uku samu. Kashin sana'a ciniki yake tambaya, kashin mutum kuma samu. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin sashe na 1014 na kundi na 18 na dokokin tarayya ya tanadi tarar da za ta iya kaiwa dala miliyan ɗaya, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 30, ga wanda ya yi ƙarya da gangan domin ya shawo kan banki ya ba shi bashi. Wanda sana'arsa sabuwa ce, gara ya rubuta ɗan abin da ya samu, ko da sifili ne, domin ba a kan wannan layi hukuncin bankin ya fi dogara ba.

3.3 Abin da Banki Yake Aunawa

Sana'ar mutum ɗaya ba ta da tarihin bashi nata na kanta. Saboda haka banki yakan koma ga tarihin mai ita, wanda kamfanoni uku suke tattarawa: Equifax da Experian da TransUnion. Daga wannan tarihi ake fitar da maki. Wanda ya fi shahara shi ne makin FICO, mai farawa daga 300 zuwa 850. Kamfanin da ke fitar da shi ya bayyana nauyin abubuwan da yake dubawa kamar haka: biyan bashi a kan lokaci kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ake bin mutum kashi 30, daɗewar tarihinsa kashi 15, sabbin basussuka kashi 10, ire-iren bashin da ya taɓa ci kashi 10.

Neman katin kansa yana barin sawu. Idan banki ya buɗe tarihin mutum domin yanke hukunci, ana rubuta wannan buɗewa, tana zama a tarihin har shekara biyu, kuma takan ɗan rage maki na wani lokaci. Shi ya sa wanda ya nemi katuna da yawa a jere yake raunana kansa. Baƙon da bai daɗe da shiga ƙasar ba yana fuskantar wata matsalar daban: ko da bai taɓa cin bashin kowa ba, rashin tarihi ba ya zama shaidar kirki a wannan ma'auni. Irinsa yakan fara ne da katin jingina, inda zai ajiye wasu kuɗi a banki a ba shi iyakar bashi daidai da su, har tarihi ya ginu.

Akwai kamfanonin da ke tara tarihin bashin sana'o'i, kamar Dun & Bradstreet mai ba da lambar D-U-N-S da makin PAYDEX. Amma wannan tarihi sai an yi hulɗa yake samuwa, don haka bai cika amfanar mai neman katin farko ba.

3.4 Sharaɗin Tsaya wa Kai

Wannan shi ne ƙashin bayan yarjejeniyar. Kusan dukkan katunan ƙananan sana'o'i suna ɗauke da sharaɗin cewa mai nema ya amince shi da kansa zai biya duk abin da aka kashe da katin, har da abin da wani ya kashe da ƙarin katin da ya ba shi. Ga mai sana'ar kansa shi kaɗai, sharaɗin maimaita abin da doka ta riga ta faɗa ne. Inda ya fi tasiri shi ne ga wanda ya yi rajistar ƙaramin kamfani mai iyakantaccen alhaki, nau'in da ake kira LLC, wanda jihar Wyoming ta fara halattawa a 1977. Mutane suna rajistarsa ne domin su raba dukiyarsu da bashin sana'a. Da zarar sun sa hannu a kan wannan sharaɗi, katangar ta rushe game da bashin katin. Idan sana'a ta durƙushe, banki yana iya kai mutumin kotu, ya kuma kai rahoton gazawarsa ga masu tara tarihin bashi. Wasu bankunan suna kai rahoton katin kasuwanci cikin tarihin mutum kowane wata, wasu kuma sai an gaza biya, amma a hali na gazawa sakamakon ɗaya ne.

3.5 Idan an Ƙi Bayarwa

Dokar daidaita damar samun bashi ta 1974 ta shafi bashin kasuwanci. Ta haramta ƙin ba da bashi saboda jinsi ko matsayin aure, daga baya aka ƙara launin fata da addini da asalin ƙasa da shekaru. Ta kuma ba wanda aka ƙi damar sanin dalili. Idan tarihin bashinsa ne sanadi, dokar rahoton bashi ta 1970 ta ba shi damar karɓar kwafin tarihin kyauta cikin kwana 60, ya duba ko akwai kuskure ya nemi a gyara.

4.0 Abin da Kalmar "Kasuwanci" Take Bayarwa da Abin da Take Ƙwacewa

4.1 Amfanin Katin

Babban amfaninsa ga mai aikin jinga shi ne raba aljihu. Idan kuɗin intanet da na manhajar fassara da na gyaran kwamfuta duk suna bi ta kati ɗaya, lissafin haraji yakan zo da sauƙi. Wannan yana da nauyi, domin tun bayan gyaran dokar haraji na 1986 aka daina cire kuɗin ruwan katin da aka yi hidimar gida da shi daga abin da za a yi wa haraji, amma ana cire wanda aka biya a kan sayayyar sana'a. Amfani na biyu shi ne ɗan jinkirin da ake samu tsakanin ranar saye da ranar biya. Wanda ya biya duk abin da ake binsa kafin wa'adi, ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayya.

4.2 Kariyar da ta Tsallake Shi

Dokar fayyace gaskiya a harkar bashi ta 1968, wadda ita ce uwar dokokin kare masu cin bashi a Amurka, an yi ta ne domin bashin hidimar kai da iyali, ta kuma ware bashin kasuwanci. Dokar katin bashi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 22 ga Mayu, 2009, gyara ce ga waccan, don haka ita ma ta gaji wannan wariya. Daga cikin abubuwan da ta tanadar wa katin mutum akwai:

i. Sanarwar kwana 45 kafin a ƙara kuɗin ruwa.
ii. Hana ƙara kuɗin ruwa a kan tsohon bashi, sai a wasu halaye ƙididdigaggu, kamar idan mutum ya makara da biya fiye da kwana 60.
iii. Tazarar aƙalla kwana 21 tsakanin aika takardar bashi da ranar biya.
iv. Sanya abin da mutum ya biya sama da mafi ƙarancin biya a kan ɓangaren bashin da ya fi tsadar kuɗin ruwa.

Babu ɗaya daga cikinsu da doka ta wajabta a kan katin kasuwanci. Wasu bankuna suna bayar da wasunsu don raɗin kansu, amma abin da aka bayar don raɗin kai ana iya janye shi. Haka nan dokar da ta tsara yadda masu karɓar bashi za su yi mu'amala da wanda ake bi, ta 1977, bashin hidimar kai kawai ta rufe. Abin da ya rage wa katin kasuwanci daga dokar 1968 shi ne haramcin aika wa mutum katin da bai nema ba, da iyakance asararsa zuwa dala 50 idan wani ya yi amfani da katin ba da izininsa ba.

4.3 Misali

A ƙaddara wata mai fassara ta sami kati mai iyakar dala 5,000, da kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato kimanin kashi 2 a wata. Ta sayi kwamfuta da manhaja na dala 3,000, da niyyar biya idan kuɗin wata jinga suka fito. Idan sun fito kafin wa'adi, ta yi amfani da kuɗin banki kyauta. Idan mai aikin ya ja ta wata uku, za ta biya kimanin dala 60 kowane wata, wato wajen dala 180, kafin ta taɓa uwar bashin sosai. Idan kuma bankinta yana kai rahoto cikin tarihinta na mutum, za a ga ta cinye kashi 60 cikin ɗari na iyakarta, abin da zai iya rage mata maki a daidai lokacin da take neman hayar gida ko bashin mota. Ranar biyan katin tsayayya ce, ranar biyan jinga kuwa tana hannun wani. A wannan giɓi ne haɗarin yake.

5.0 Kwatanci da Lamunin Bahaushe

Ciniki daga cikin gida da ciniki a kan bashi ba baƙin abubuwa ba ne ga Bahaushe. Polly Hill, a nazarin da ta buga a 1969, ta bayyana yadda matan kulle suke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu. Abner Cohen kuma, a binciken da ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu a kan bashi, mai gidan da ya sauki fataken ya tsaya a kan kuɗin. A wannan tsari mutane uku ne: mai kaya, mai ɗauka, da mai tsayawa. Mai tsayawa ya san mai ɗauka, ya san halinsa da inda yake kwana, kuma mutuncinsa ne jarinsa.

Katin kasuwanci ya riƙe siffar mutane ukun, amma ya haɗe biyu a jiki ɗaya. Sana'a ce mai ɗauka a takarda, mai ita kuma shi ne mai tsayawa, alhali su biyun mutum ɗaya ne. Aikin sanin hali da mai gida yake yi, maki ne ya gaje shi. Bambancin shi ne mai gida yana iya jin uzuri ya ƙara wa'adi saboda ya san dalilin jinkiri, maki kuwa ranar da aka biya kawai yake rubutawa.

Nijeriya ma ta kama wannan hanya ta ɗaure bashi da mutum. An ƙaddamar da lambar BVN a 2014, an yi dokar rahoton bashi a 2017, kuma a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fito da umarnin da ya ba banki damar ɗebo kuɗin wanda ya gaza biya daga asusunsa na wasu bankuna. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ita ma ba ta raba mutum da bashin sana'arsa. Don haka darasin ya wuce iyakar Amurka, duk da cewa katin cirar kuɗi ne ya mamaye hannun jama'a a nan. Ya kamata a ƙara da cewa ga Musulmi batun kuɗin ruwa yana gaba da duk wannan lissafi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin da aka sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum yana da niyyar biya kafin wa'adi. Wannan ya ƙara nuna dalilin da ya sa bai kamata fassara ta ɓoye sharaɗin ba.

6.0 Sakamakon Nazari

i. Mai aikin jinga daga gida ya cancanci neman katin kasuwanci a Amurka ba tare da rajistar kamfani ba, da sunansa da adireshin gidansa da lambarsa ta SSN.
ii. Tarihin bashin mutum da samunsa su ne ginshiƙin hukuncin banki, cinikin sana'ar yana biye.
iii. Sharaɗin tsaya wa kai yana mayar da bashin wuyan mutum, ko da ya yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki.
iv. Laƙabin "kasuwanci" yana cire mafi yawan kariyar dokokin 1968 da 1977 da 2009, don haka matanin yarjejeniyar bankin ne kaɗai madogarar mai katin.
v. Ta fuskar kalmomi, an ba da shawarar "mai aikin jinga" a madadin "mai zaman kansa", da "katin bashi" a ware shi daga "katin cirar kuɗi", da "tsaya wa kai" ga sharaɗin da aka tattauna, da "katin jingina" ga katin da ake ajiye wa kuɗi, sannan a raba "kuɗin shiga" zuwa ciniki da riba da samu gwargwadon muhalli.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matakan da mai aikin jinga daga gida yake bi wajen neman katin bashin kasuwanci a Amurka, tun daga matsayinsa a idon doka har zuwa abin da zai yi idan an ƙi shi. An ga cewa samun katin ba shi ne wahala ba ga mai kyakkyawan tarihi. Wahalar ita ce fahimtar abin da aka sa wa hannu. Katin yana amfanar wanda yake neman raba lissafin sana'a da na gida kuma yake biya kafin wa'adi, yana kuma cutar da wanda ya mayar da shi jari alhali kuɗin jingarsa ba su da ranar zuwa. Tambayoyi uku ne ya kamata mai nema ya samo amsarsu a cikin yarjejeniyar kafin ya sa hannu: ko bankin yana kai rahoton katin cikin tarihinsa na mutum, kwana nawa ne sanarwar ƙarin kuɗin ruwa, da kuma a kan wane ɓangare na bashin ake fara sanya abin da ya biya. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai filin bincike a buɗe: tattara kalmomin bashi da lamuni daga bakin 'yan kasuwa da dillalai da masu adashi a karuruwan Hausa daban-daban, a gwada su a kan takardun bankunan zamani, kafin a garzaya ga aron kalmomi.